Abin da aka tattauna kan alamun farko na cutar Huntington

An yi doguwar mahawara kan alamun farko na Huntington, cutar ƙwaƙwalwa da ake gada daga iyaye, ga abin da na tattaro.

1. Kusan kowa ya yarda hali ne ke fara sauyawa, wani lokaci shekaru kafin jiki ya soma fizge-fizge. Mai haƙuri ya koma saurin fushi, ya daina kula da sana'arsa, lissafin kuɗin cefane ma ya gagare shi. A nan ake zaluntar marar lafiya, a ce lalaci ne ko taurin kai, alhali ƙwaƙwalwa ce ta kamu. Wannan ya fi taɓa ni.

2. Gano ta na da wuya. A asibiti akan ɗauke ta ciwon damuwa, a gida a ce iska ko sammu. Yawanci tana bayyana tsakanin shekara 30 zuwa 50.

3. A gaya wa likitan ƙwaƙwalwa tarihin dangi. In uwa ko uba na da ita, yiwuwar kowane ɗa ya gada kashi 50 ne cikin 100. Gwajin jini ke tabbatarwa.

4. An rabu kan gwada wanda bai nuna alama ba. Wasu sun ce gara a sani kafin aure, wasu sun ce tunda ba ta warkewa, sanin ƙarin nauyi ne. Yara dai an yarda a bari su girma su zaɓa da kansu.