Shirina na gyara kalanda yana mutuwa duk sati, in canza hanya ko in biya a duba min?

Ɗan Kubwa:
Salam 'yan uwa. Akwai wata makarantar lesin a Gwarinpa da na haɗa wa ɗan shiri da Python, in an ɗaga lokacin aji shi ke gyarawa a Google Calendar malamai su gani a waya. Yana aiki lafiya lau amma duk sati sai ya tsaya yana dawo min da invalid_grant (saƙon cewa Google ya ƙi izinin shigar), sai na sake shiga da akawun ɗin makarantar kafin ya tashi. Yau karo na uku ke nan, Hajiya mai makarantar ta fara kirana da asuba. In koma service account ne (akawun na shirin kansa, ba na mutum ba) ko in nemi wanda zan biya?

Na Nyanya:
Duba lokacinka malam, ka sa +01:00 ko Africa/Lagos, wato agogon Najeriya. In ka tura da Z (alamar agogon GMT) a ƙarshe ajin ƙarfe 4 zai fito ƙarfe 5.

Ɗan Kubwa:
Lokaci daidai yake oga, ba nan matsalar take ba.

Bakanon Wuse:
Hmm ni dai ka ji tsoron update. Bara na yi wa wani asibitin haƙori irin wannan aikin, lokaci kawai nake son canzawa sai na tura PUT (umarnin da ke maye gurbin bayanin gaba ɗaya) da farko da ƙarshen lokaci kaɗai, ashe duk abin da ba ka saka ba sharewa yake. Sunan mara lafiya, bayanin likita, duk suka tafi, gari ya waye kalanda cike da gurabe babu suna, sakatariya na riƙe da waya tana kuka mutane cike da benci. Kwana biyu na yi ina mayarwa da hannu daga littafin rajista. Da PATCH na yi, wanda ke canza abin da ka tura kaɗai, da babu abin da zai taɓu. Har yau cikon kuɗina dubu 80 na wajensu.

Maman Biyu:
Allah Ya mayar da alheri, amma ba ciwonsa ke nan ba. Ƙanina shiga Google Cloud ka duba shafin neman izini, na tabbata yana kan Testing, wato matakin gwaji. A haka tokin sabuntawa (mabuɗin da shirin ke sabunta izininsa da shi) kwana 7 yake yi ya mutu, shi kuwa ƙaramin tokin dama, wanda shirin ke shiga kalandar da shi, awa ɗaya ne. Mayar da shi production (matakin aiki na gaske) ka karɓi sabon tokin, zai nuna gargaɗin ba a tantance ba, ka wuce. Ko sisi ba za ka kashe ba.

Na Nyanya:
Wahala ce wannan. Service account kawai, ka raba kalandar da imel ɗinsa ka ba shi izinin gyara, in ka manta ne za ka ga 404, wato saƙon ba a samu kalandar ba. Wani yaro ya yi min a dubu 15.

Bakanon Wuse:
Dubu 15 a Abujar nan? Ni dubu 60 aka ce min.

Maman Biyu:
In yana gayyatar malamai ta imel fa? Service account ba ya gayyata sai da Workspace (tsarin akawun ɗin Google na kamfanoni da makarantu) da izinin admin. Ka taɓa haɗawa da hannunka ko yaron ne dai?

Na Nyanya:
Haba Anti, shekara 6 ina wannan harkar.

Ɗan Mararaba:
Ku sayo wa Hajiya kalandar bango da jan biro, wannan ba ta san saƙon ƙin izini na 401 ba 😂

Ɗan Kubwa:
Anti na duba, Testing ɗin ne wallahi. Gayyata kam ina yi wa malamai 9. Amma in na mayar sai na goge tsohon fayil ɗin tokin ko?

Bakanon Wuse:
Kafin ka taɓa komai, ta biya ka? Don mutanen nan da zarar abu ya tashi sai su ce ai danna maɓalli kawai ka yi.

Ɗan Mararaba:
Gaskiya ne wannan, ni wani mai otal wata 4 yana ce min oga ya yi tafiya. Yanzu sai an ba ni kashi 70 nake buɗe laftof.

Na Nyanya:
Kashi 70 wa zai ba ka? Rabi ma sai da roƙo.