Gadar ɗagawa a bakin ƙofa: dogo yana cijewa, kan jirgina kuma ya faɗo ƙasa

MaiDogo87:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Layin ƙaramin jirgin ƙasana na wasa na sikelin HO ne (wato an rage girman na gaske sau 87), ya zagaye ɗaki a jikin bango, tsayinsa daga ƙasa santimita 115. Shekara biyu ina sunkuyawa ta ƙarƙashinsa in shiga, har bayana ya fara gaya mini. Shi ne na yanke wajen ƙofa, faɗin santimita 80, na yi gada da filawud mai kaurin milimita 18, na sa mata hinji biyu ta ƙasa.

Matsalar farko: da na fara ɗaga ta sai bakin dogon gadar ya tokari na teburin da layin ke kai, ya cije. Na gogge shi da magagari har giɓin ya kai milimita 3, yanzu kowace ƙafar jirgi ta zo sai ka ji ƙwas, taragu marasa nauyi kuma suna sauka daga layi.

Ta biyun ce ta fi yi mini ciwo. Jiya na ɗaga gadar zan fita, na manta jirgi na tafiya a can bayan tasha. Ina waiwayowa na ga fitilarsa ta iso bakin ramin. Ya faɗo a kan siminti, murfinsa ya tsage, ƙarfen da ke haɗa ƙafafunsa ya lanƙwashe. Shi ne kan jirgin da na fara mallaka. DCC nake amfani da shi, wato tsarin sarrafa jirage da saƙon dijital ta cikin dogo, busta (na'urar da ke ba layin wuta) mai amfiya 5. Don Allah ta ina zan fara gyara?

TsohonKafinta:
Wa alaikumus salam. Sannu da wannan rashi, Allah ya mayar da alheri. Malam, ba dogon ne da laifi ba, hinjin ne. Duk abin da ke saman ƙusar da hinji ke juyawa a kai, idan ka ɗaga gada, baya yake komawa wajen teburi. Kai kuwa ka sa ƙusar a ƙasa, dogo a sama, dole su yi karo. Ka yanko 'yan guntayen katako ka kafa a gefe da gefen layin, ka ɗora hinjin a kansu ta sama, yadda ƙusar za ta yi daidai da saman dogo ko ta ɗara shi kaɗan. Daga nan dogon gadar tashi zai yi ya rabu da ɗan'uwansa.

Dogon da ka gogge kuma cire shi, ba ya gyaruwa. Ka sauke gadar ka kulle ta, ka shimfiɗa sabon dogo guda ya haye giɓin kamar babu gada a wajen. Ka ɗaura sukurun tagulla a ƙarƙashin kowane ƙarfe, hagu da dama na inda za ka yanka, ka liƙe da dalma. Sai ya huce sannan ka yanka da siririn zarto. Giɓin ba zai kai milimita 1 ba. Tsakanin ƙarafan HO milimita 16.5 ne kacal, in gefe ɗaya ya goce da rabin milimita ƙafa za ta hau. Don haka a bakin da gadar ke sauka ka kafa turaku biyu na ƙarfe masu tsinin kai da za su shige ramukansu, ka ƙara da sakata. Filawud ɗin ma ka shafe shi da fenti ta ko'ina, har da gefuna, don katako na kumbura da danshi.

MaiGyaranWuta:
Baba ya gama da aikin katako, bari in taɓa na wuta. Kashe wutar gadar kaɗai ba ya hana komai, tunda jirgin ba a kanta yake ba lokacin da zai faɗa. Layin da ke zuwa bakinta ta ɓangarori biyu shi ake kashewa. Ka yanka dogon ka ware yanki a kowane gefe, ka ba yankunan biyu da gadar waya tasu daban. Ka sa ƙaramin makunni mai harshe a inda gadar ke zama, yadda nauyinta zai danne shi. Makunnin ya riƙa kunna rile (makunnin da wuta ke kunnawa) mai bolt 12 da zai iya ɗaukar amfiya 5 ɗinka, rilen ya ba yankunan biyu da gadar wuta. Ka haɗa ta bakin rilen da yake buɗe in ba a kunna shi ba: ko waya ta tsinke, layin mutuwa zai yi, ba ya zauna da rai ba. Wayar da za ta shiga gadar ta bi ta gefen hinji, mai silla-silla, ka bar mata lanƙwasa. Mai ƙarfe ɗaya karyewa take yi.

Tambaya ɗaya: akwai kafasita a cikin kawunan jiragenka, irin wadda ke riƙe musu wuta in sun taka datti?

MaiDogo87:
Akwai a guda uku, ni na sa musu da hannuna. Ban taɓa kawo ta a wannan lissafin ba. Na yi niyyar ware santimita 40 a kowane gefe.

MaiGyaranWuta:
To 40 ba za ta isa ba. Jirgin HO da ke kwaikwayon gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan santimita 19 a daƙiƙa. In kafasitar ta riƙe shi daƙiƙa 3, ya ci 57 bayan wuta ta ɗauke. Ka gwada naka a miƙaƙƙen layi: ka ba shi gudun da ka saba, ka kashe busta, ka auna inda ya tsaya, ka ƙara a kai. Sannan in kana turo taragu da baya, su za su riga faɗawa, kan jirgin yana can inda wuta take. Wannan sai shinge: ɗan sanda mai sifirin a tsakiyar layi, gada in ta sauka ta danne shi, in ta tashi ya miƙe.

MaiDogo87:
Na gode Baba, na gode Malam. Na yi gwajin da daren nan. Biyu sun tsaya kafin santimita 50, na ukun ya kai 72. Zan ware mita ɗaya a kowane gefe, in yi shingen a ɓangaren tasha inda nake yawan turo kaya da baya. Na riga na kwance hinjin. Baba, guntayen katakon nan, nisan nawa zan ba su daga tsakiyar layi don kada dogon tarago ya goge su? Akwai kwana kafin gadar.