Gano inda ruwan lagireto ke yoyo

Da aka tattauna da makanikai a Gombe kan motar da ke shanye ruwan lagireto, bakinsu ya zo ɗaya: kada a buɗe marfin lagireto injin na da zafi, tururin na ƙona fuska. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota ta kwana. Inda ya jiƙe da safe, samansa za a duba. Galibi tiyo ne ya tsage, wani lokaci famfon ruwa ko marfin kansa.

Wanda ya fi damuna shi ne yoyon da ba a gani. Farin hayaki na fita a salansa, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Wannan galibi gaskit ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da jikinsa, a kashe mota nan take.