Fasto shi kaɗai zai iya sa mutum a horo?

Mai neman sani:
Salama, 'yan'uwa. Idan aka zargi ɗan ikilisiya da laifi, Fasto yana da ikon hana shi cin Jibin Ubangiji (gurasa da ruwan inabi da Kirista ke ci tare don tunawa da mutuwar Almasihu) ba tare da dattawa sun zauna ba? In kuma Faston ake zargi, wa zai tsige shi?

Dattijon ikilisiya:
Ɗan'uwa, shi kaɗai dai a'a. Matiyu 18:15-17 ta jera matakan: a fara samun mutumin a keɓe, in bai ji ba a koma da mutum ɗaya ko biyu, in ya taurare sai a kai gaban ikilisiya. Ko mutumin ikilisiyar Korinti da Littafi Mai Tsarki ya ce ya ɗauki matar ubansa, Manzo Bulus cewa ya yi a yanke hukuncinsa sa'ad da jama'a suka taru.

Inda ake kwafsawa shi ne a karanta sunan mutum daga bagade ranar Lahadi kafin a ji ta bakinsa. Ko an wanke shi daga baya, sunan ya riga ya ɓaci. A rubuta zargin, a ba shi kwafi, dattawa su saurare shi, sakatare ya rubuta hukuncin da sharaɗin dawowa. Horon da ba a sa masa ranar sake dubawa ba, kora ce kawai.

Malamar tauhidi:
Baba, da ɗan gyara. Idan abin ya fito fili, Fasto na iya ce wa mutum a asirce ya dakata da cin jibi kafin dattawa su zauna, amma wannan ba hukunci ba ne.

Batun Fasto kuwa, 1 Timoti 5:19 ta hana karɓar ƙara a kan dattijo, wato shugaba a ikilisiya kamar Fasto, sai da shaidu biyu ko uku. Mai tsigewa ya danganta da ɗarika. A Baptis taron membobi ne ke jefa ƙuri'a, a Anglikan da Katolika maganar tana hannun Bishop. Ku duba kundin tsarin mulkinku, musamman adadin mutanen da dole su halarta. Taron da bai cika ba, hukuncinsa na iya rushewa idan aka ɗaukaka ƙara.

Mai nazarin dokar coci:
Shi ma Bishop ba ya cire Fada, wato limamin cocin Katolika, haka kawai. A dokar Katolika ta 1983, sashe na 1742, sai ya yi bincike, ya tattauna da limamai biyu, sannan ya nemi Fadan ya yi murabus cikin kwana 15, yana bayyana masa dalilan. In Fadan ya ɗaukaka ƙara, ba a naɗa sabon limami a gurbinsa, sai dai mai riƙon ƙwarya, har a gama shari'ar.