Jirginmu zai tsaya a Ho Chi Minh yini ɗaya, ina ya kamata mu je?

Uwargida: Salam jama'a. Dan Allah wanda ya san garin Ho Chi Minh na Vietnam ya taimaka, ni da maigida za mu bi jirgin ruwan yawon buɗe ido daga Singafo, zai tsaya can daga safe zuwa yamma kawai. Shi ramukan yaƙin nan na Cu Chi yake son gani, ni kuma kasuwa. Za mu iya haɗa duka biyun? Sannan ya maganar abincin halal da wurin sallah?

Matafiyi: Wslm Hajiya. Fara duba inda jirgin zai tsaya tukuna. In babba ne to a tashar jiragen ruwa ta Phu My yake tsayawa ba cikin gari ba, daga nan zuwa tsakiyar gari kusan awa 2 ne a mota, dawowa ma haka, ga cunkoso da yamma, Cu Chi kuma can ɗaya gefen garin yake, in kuka ce sai kun je a mota za ku wuni. Ku ba Alhaji haƙuri ya shiga Fadar 'Yanci, wadda tankoki suka fasa ƙofarta ranar 30 ga Afrilu 1975, da gidan tarihin yaƙi da ke kusa da ita. Hotunan ciki fa akwai tada hankali.

Ɗan kasuwa: Abinci ba matsala. Gefen kasuwar Ben Thanh akwai layin Nguyen An Ninh, gidajen abincin halal ne jere saboda 'yan Malesiya. Masallaci yana titin Dong Du, Indiyawa suka gina shi a 1935, da ƙafa ma za ku je. Burodin banh mi na bakin titi kam ku kiyaye, galibi da alade a ciki. A kasuwar kuma ki taya sosai, kuɗinsu dong sifili ya yi masa yawa, takardar 20,000 da ta 500,000 kalarsu kusan ɗaya ce, ki duba kafin ki miƙa.

Uwargida: Na gode. Motar da kamfanin jirgin ke kai mutane gari da ita tsada gare ta wlh, in muka ɗauki tasi fa?

Matafiyi: Cikin gari Grab, manhajar kiran tasi ta waya, ta ishe ku, amma daga Phu My ni motar jirgin zan bi, in ta makara ana jiranta, in tasinku ce ta makara jirgi tafiyarsa zai yi. Wajen tsallaka titi kar ki yi gudu kar ki ja baya, masu babur su za su kauce miki, wayarki kuma ta zauna a jaka.