Yayana ya kasa barin giya, ciwo ne ko taurin kai?

Mai Neman Mafita: Salam jama'a, don Allah a ba ni shawara. Yayana ya kai shekara 5 yana shan giya, a da kwalba ɗaya ta ishe shi, yanzu ko huɗu ba ya ji, kullum sai ya rantse ya daina amma ba ya kwana biyu. Jiya da safe hannunsa na karkarwa har ya kasa riƙe kofi, wallahi sai da na yi kuka.

Dattijo: Ciwo ne 'yata, ƙwaƙwalwarsa ce ta saba. Karkarwar nan alama ce jiki na neman giyar, tana farawa awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe. Kar ku bari ya yanke lokaci guda a gida, yana iya jawo farfaɗiya da gane-gane, har rai kan tafi. Ku kai shi asibiti, akwai magani, a duba hantarsa ma.

Uwar Biyu: Allah sarki. Ku daina yi masa gori dai, nawa ƙanin, faɗa bai taɓa hana shi ba sai ma ya koma sha a ɓoye, ki same shi lokacin da yake garau ku yi magana a hankali.

Mai Neman Mafita: Na gode Baba, na gode Anti. To idan ya ƙi zuwa asibitin fa?