Shin yawan ambato ne ma'aunin tasirin Ibn Khaldun?

Malamin tarihi: Assalamu alaikum. A zaman da muka yi jiya bayan la'asar na faɗi wata magana da wasunku ba su gamsu da ita ba, kuma har yanzu ina kan bakana: a cikin masana tarihin da suka rayu tsakanin ƙarni na 8 da na 15, babu wanda ya kai Ibn Khaldun tasiri a ilimin yau, kuma hujjata ita ce yawan ambatonsa. Duk wanda ya buɗe Google Scholar, shafin intanet da ke ƙirga yawan ambaton rubuce-rubucen masana, zai tarar da masana tattalin arziki da na zamantakewa da na siyasa suna jingina magana ga littafinsa Muƙaddima, alhali mai littafin ya rasu a Alƙahira tun 1406. Har shugaban Amurka Ronald Reagan ya kafa hujja da shi a 1981 lokacin da yake kare rage haraji.

Ɗalibar digiri na biyu: Allah ya gafarta Malam, ina da ja a kan ma'aunin, ko da yake ba ni da ja a kan girman mutumin. A kundayen da na duba a bana na sha cin karo da "Ibn Khaldun, 1958", kamar dai marubucin ya yi zamani da Sardauna, kuma abin da ake nufi shi ne fassarar Ingilishi ta Franz Rosenthal mai juzu'i uku. Da yawa daga masu rubuta hakan kalmar asabiyya, wato haɗin kan jama'a da kishin dangi, kaɗai suka ɗauka, ita ma daga bakin wani suka tsinta. Kwafin da nake arowa a ɗakin karatu shaida ne, domin shafukan farko sun yi baƙi da dattin hannu har sun fara yagewa, amma babin sana'o'i da na ilimomi fes suke kamar yau aka buga su.

Malamin tarihi: 'Yata, ko aron kalma ma ai tasiri ne, domin ba a aron abin da ba shi da amfani.

Mai kula da rubuce-rubucen hannu: Ranka ya daɗe, a nan na rabu da kai. Na'urar da ke ƙirga ambato ba ta bambance wanda ya yaba da wanda ya yi raddi. Ibn Khaldun ya faɗi maganganu marasa daɗi game da baƙar fata a inda yake bayanin tasirin zafin ƙasa a kan ɗabi'a, kuma duk wanda ya kawo wannan don ya rushe shi an ƙara wa littafin lamba ɗaya, daidai da wanda ya gina nazari a kansa. Ni a ganina inda tasirinsa ya fi nauyi wuri ne da ba a cika ƙirgawa ba, wato tarihin tsohuwar daular Mali a cikin Kitabul Ibar, babban littafin da Muƙaddima take gabatarwa ce kawai gare shi. Jerin sarakunan Mali tun daga Mari Jata, ya biyo ta kan Mansa Musa da ya yi hajji a 1324, har zuwa ƙarshen ƙarni na 14, daga can aka samo shi, kuma wani sashe na labarin ya ji shi ne daga bakin Shehu Usman, fakihin mutanen tsohuwar Gana, wanda ya zo Masar a 1394. A kan wannan masanin tarihi Nehemia Levtzion ya tsara shekarun sarautar Mali. Masu ambaton waɗannan shafuka 'yan kaɗan ne idan aka gwada da masu ambaton asabiyya, amma da za a cire su, ginin tarihin Mali na wancan zamani zai rasa ginshiƙinsa.

Ɗalibar digiri na biyu: To Baba, ashe ke nan Turawa ne suka ɗaukaka shi, tun da sai a 1858 Quatremère ya buga matanin Larabci a Faris, sannan fassarar Faransanci ta de Slane ta biyo baya?

Mai kula da rubuce-rubucen hannu: A'a, kin zarce. Masanin tarihi Almakrizi ya zauna a gaban Ibn Khaldun a Masar kuma ya yabi littafin ƙwarai, Ibnul Azraƙ na Andalus ya kwaso da yawa daga cikinsa a ƙarni na 15, masana tarihin Daular Usmaniyya irin su Katib Celebi da Na'ima sun yi aiki da ra'ayinsa kan tashi da faɗuwar dauloli, kuma an fassara mafi yawan Muƙaddima zuwa Turkanci wajen 1730. Duk wannan ya faru ne kafin Eugene Garfield ya fito da kundin ƙirga ambato a 1964, balle Google Scholar da aka buɗe a 2004.

Alaramma: Jama'a, ku bar ni in tsoma baki duk da cewa boko ba fagena ba ne. Mu nan Sakkwato muna da namu tsarin na sanin wanda ya amfani wani, kuma ya fi wannan tsanani. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukhi ya jera malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowanne. Ba ka isa ka ce ka ɗauka daga malami ba sai ka durƙusa a gabansa an biya maka, ka maimaita, ya gyara. Da za a auna masu rubuta sunan Ibn Khaldun da wannan mudu, ina jin kaɗan ne za su samu ijaza.

Malamin tarihi: Allah ya gafarta Alaramma, na karɓi maganar raddi da ta Mali, kuma na yarda lamba ba ta nuna zurfin karatu. Sai dai mudun ijaza yana auna almajiri ne, ni kuwa ina maganar nisan da littafi ya kai, kuma littafin da aka rubuta a wata ganuwa a Aljeriya a 1377 har ake gardama a kansa a Sakkwato yau ya yi nisa. Ke kuma 'yata, ki zo da wancan kwafin ranar Litinin mu fara daga babin sana'o'i.